Neman kalma: me za mu kira geospatial data a aikin layin dogo?

Injiniya Bala: Salamu alaikum. Ana fassara takardar horar da masu duba layin dogo, sai aka cije a kan geospatial data. Abin nufi shi ne, duk inda titi ya ratsa layi a ba wurin lamba, a auna inda yake da GPS, sannan a liƙa masa bayanansa: jirage nawa ke wucewa a rana, motoci nawa, akwai shinge ko mai tuta, daga mita nawa direba ke hango jirgi. An rubuta "bayanan taswira", amma bai kwanta mini ba.

Malama Hadiza: Wa alaikumus salam. Da gaskiyarka, Injiniya. Taswira zane ce da ake fitarwa daga bayanan, su kuwa suna nan cikin kwamfuta ko an zana ko ba a zana ba. "Bayanan muhalli" ma kada a soma, mai karatu zai ɗauka zancen gurɓatar iska ne. Ni dai "bayanan bigire" nake gani.

Alhaji Garba: Malama, me ya hana "bayanan wuri"? Kowa ya san wuri.

Malama Hadiza: Ranka ya daɗe, wuri ya yi yawa. Akwai wurin zama, akwai zuwa da wuri, akwai wuri na kuɗi. Bigire kuwa guri ɗaya tak yake nunawa.

Malam Sani mai safiyo: Na goyi bayan bigire, domin a nan ɗin ake yin ɓarna. Tsofaffin taswirorin Najeriya a kan ma'aunin Minna aka yi su, wato tsarin auna matsayin wuri mai tushe a garin Minna, GPS kuma ma'aunin duniya da ake kira WGS84 yake bi. In aka haɗa su ba a daidaita ba, wuri yakan goce da gomman mitoci, sai ka ga matsallaka ta faɗa gonar wani. GPS ɗin waya ma yakan kauce da mita 5 ko fiye. Ya isa a gano wurin, amma bai isa a auna tudun layin ba, alhali a kan tudun nan ne tirela mai ƙasan ciki take maƙalewa.

Injiniya Bala: Haka ne, Malam. Ga lissafin hange: jirgi mai gudun kilomita 100 a awa yana cin kusan mita 28 a daƙiƙa. In tirelar da ta tsaya tana buƙatar daƙiƙa 15 ta haye, dole direba ya hango mita 420 dama da hagu. Gini ko kwana ya tare wannan, sai shinge ko a rage wa jirgi gudu.

Malam Sani mai safiyo: A sa wa kowane awo kwanan wata. Hoton tauraron ɗan'adam na watan Maris fili zai nuna fetal, a Agusta kuwa dawa ta fi mutum tsawo. Ga hazon hunturu. A shigar da burtali da ranar kasuwa, don hanyar da makiyaya ke bi da shanu ba ta cikin taswirar tituna.

Alhaji Garba: Na sallama. To ita "matsallaka" da Malam ya faɗa fa? Direbobi kurosin suke cewa.

Malama Hadiza: A bar musu kurosin a baki. A rubuce "matsallakar jirgi" ta fi, tunda layin da ake shimfiɗawa daga Kano zuwa Maraɗi zai kai ga mutanen da bokonsu na Faransanci ne.

Injiniya Bala: Madalla. Ga jimlar farko: "A sabunta bayanan bigiren kowace matsallakar jirgi sau biyu a shekara, rani da damina."