WinUAE ya ƙi tashi da Kickstart ɗin Amiga 500

Ɗan Gareji: Salamu alaikum 'yan uwa. Na sa WinUAE, manhajar da ke kwaikwayon kwamfutar Amiga a PC, don wasannin Amiga 500, na nuna masa fayil ɗin ROM, wato Kickstart ɗin da ke tada na'urar, amma allo ja kawai yake fitowa. Ina matsalar take?

Mai Waya: Wa'alaikumus salam. Jan allo a Amiga alama ce ROM ɗin ya gaza gwajin kansa, wato fayil ɗin ya lalace ko bai cika ba. Duba girmansa tukuna. Kickstart 1.3, sigar 34.5, bayit 262,144 ne cif, CRC32 ɗinsa, wato lambar tantance fayil, C4F0F55F. In daga tsohon ƙunshin manhajar Amiga Forever ka ɗauko, a kulle yake zuwa, sai ka ajiye fayil ɗin makullinsa, rom.key, a folda ɗaya da shi. Sannan ka shiga shafin Paths na WinUAE ka danna Rescan ROMs.

Gwani68k: Haka ne malam. Ka kuma bar saitin a na Amiga 500: CPU 68000, chipset OCS, sai memori Chip 512KB da Slow 512KB. Kar ka ɗora masa ROM ɗin Amiga 1200, wannan na wata na'ura ce mai 68020.

Mai Waya: Da ka ga hoton hannu riƙe da faifai a allo, ROM ya zauna. Saka ADF ɗinka, wato fayil ɗin faifan wasan, a DF0, mazubin faifai na farko.