Zan bi maigida Ingila da ciki da yaro mai sikila, don Allah ku ba ni shawara

Mai tambaya, Kinkinau:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Maigidana yana Birmingham yana karatun digiri na uku, ya fara nema mana biza ni da yaronmu, muna sa ran tafiya nan da wata biyu in Allah ya yarda. Yaron shekararsa 3, sikila ne, SS. Ni kuma ina da ciki wata huɗu. A nan Kaduna na san hanyata: na san ranar ganin 'yan sikila a asibitinmu, na san kemis ɗin da zan buga wa ƙofa ko da tsakar dare ne, ga Ummana a Unguwar Sanusi, kira ɗaya ta iso. Can kuwa ba ni da kowa sai shi, shi kuma tunda ya je bai taɓa taka asibiti ba, duk abin da na tambaya sai ya ce in kun zo ma gani. Ana ta tsorata ni wai mutum sai ya yi wata bai ga likita ba. Surukata ta ce in zauna in haihu tukun. Wallahi barci ya ƙaurace mini. Me zan tanada tun daga nan, ina zan fara in mun sauka, kuma in ciwon yaron ya tashi cikin dare wa zan kira?

Anti, Malali:
Wa alaikumus salam ƙanwata. Kwantar da hankalinki, na yi zaman can da yara ƙanana. Tsarinsu daban ne da namu. A nan in yaro ba lafiya sai ki ɗauke shi ki tafi babban asibiti ki yanki kati. Can kowane gida yana da ƙaramin asibitin unguwa da ya yi rajista da shi, likitan wurin ne suke kira GP, kuma ta hannunsa ake bi a ga kowane babban likita. Saboda haka satin da kuka sauka, tun kafin sayen tukwane, ku yi rajista. Kyauta ne, ana cike fom ta intanet ko a wurin, kuma a Ingila ba a tilasta wa mutum kawo shaidar adireshi ko ta biza kafin a karɓe shi. Ma tun yau ki sa maigidan ya duba wanda ya fi kusa da gidanku, ya yi tasa rajistar. Wannan "ma gani" ɗin ba za ta yi ba da yaro mai sikila a gida.

Maganar jira gaskiya ce, amma ga ciwon da ba na gaggawa ba. Da yawansu sai kin buga waya da misalin ƙarfe 8 na safe kafin ki samu gurbin ranar. Lambobi biyu ki haddace: 111 don neman shawara dare da rana, 999 in abu ya yi tsanani a turo motar asibiti.

'Yar'uwa, Kawo:
Ni dai shawarata ki cika jaka da magani. Yayata da za ta tafi sai da muka haɗa mata na zazzaɓin cizon sauro, na kashe ƙwayoyin cuta, da masu ƙarfi na ciwon jiki, don can ko kin roƙa ba za su sayar miki ba. Ki haɗa da na gargajiya saboda jego.

Nas, 'yar Barnawa, tana aiki a Ingila:
Yaya ta Kawo, ki yi haƙuri zan ɗan saɓa miki, don ina ganin abin da wannan yake jawowa. Ta taho da magungunan da likita ya ɗora yaron a kai, na kamar wata uku, a cikin kwalinsu, tare da takardar likita. Amma irin su tiramadol da kodin suna da doka a kansu, kada su shiga jakarta sai da takardar da ke ɗauke da sunan wanda aka rubuta wa. Kuma a ba yaro mai sikila maganin kashe ƙwayoyin cuta a gida a zauna jiran sauƙi, wannan shi ne haɗarin da nake tsoro.

'Yar'uwa mai tambaya, abin da ya fi jakar magani amfani shi ne takarda. Ki je wurin likitan da ke duba shi ki roƙi cikakken rahoto da Turanci: sakamakon gwajin da ya nuna SS, rukunin jininsa, yawan jininsa a lokacin da yake lafiya ƙalau, sau nawa aka kwantar da shi, an taɓa ƙara masa jini ko a'a kuma yaushe, da sunan kowane magani da adadinsa. Ƙarin jinin nan kada ki manta da shi, yana da muhimmanci wurin zaɓa masa jinin da zai dace nan gaba. Ki ɗauki hoton komai a waya. Ranar farko da kuka ga GP ki ce masa yaron sikila ne kina son a tura shi wurin likitocin jini na yara. Birmingham akwai babban asibitin yara mai kula da su, a wannan kun yi sa'ar gari.

In ya shiga hannunsu, yawanci za a ɗora shi a kan penisilin kullum, saboda saifar mai sikila ba ta iya kare shi daga ƙwayoyin cuta yadda ya kamata. Daga shekara 2 zuwa 16 kuma ana yi musu wani sikanin na jijiyoyin kai duk shekara don a gano wanda ke cikin haɗarin shanyewar ɓarin jiki tun bai faru ba. In ba a taɓa yi masa ba, ki faɗa. Za su iya kawo miki zancen haidroksiyuriya, maganin da ke rage yawan tashin ciwon.

Tambayarki ta dare: ki sayi ma'aunin zafin jiki. Da ya kai 38, ko yana numfashi da ƙyar, ko ciwon ƙirji, ko ya yi fari fat cikinsa ya kumbura, ko ciwon ya ƙi jin maganin gida, babu jiran wayar ƙarfe 8. Sashen gaggawa kai tsaye, ko 999. Da isarki kalmar farko da za ta fita bakinki ita ce sikila ne. Ƙa'idarsu ita ce mai sikila da ya zo da ciwo a ba shi maganin rage zafi cikin minti 30. Ba kullum ake cika hakan ba, amma uwar da ta san ƙa'idar tana da bakin tunatarwa. Kunya da kawaicin da aka rene mu da su a gaban likita, ki ajiye su a nan. Sannan duk zazzaɓin da ya kama ɗayanku cikin shekarar farko, ki ce daga Najeriya kuka zo a duba maleriya, don ba ita ce ke fara zo musu a rai ba.

Sanyi kuma babban mai tayar da ciwon ne. Riguna masu kauri, safa, hula, ruwa akai-akai tun daga cikin jirgi. Ku matse a wani wurin, amma kada ku matse a kuɗin ɗumama ɗaki.

Hajiya, tsohuwar ungozoma, Tudun Wada:
'Yata, maganar surukarki ba ta banza ba ce, kada ki ɗauka ƙiyayya ce. Ba asibiti take ji ba, wanda zai riƙe miki yaro ranar naƙuda take ji, da wanda zai dafa miki ruwa ya dama kunu. Ni haihuwar ba ta dame ni ba, ungozomominsu sun san aiki. Kwana arba'in ɗin nan ne nake tunani, mace ita kaɗai a ɗaki da jariri da mara lafiya, miji yana makaranta. Na ga matan da kaɗaici ya taɓa bayan haihuwa a nan cikin dangi ma, balle can. Ku zauna da mijinki tun yanzu ya faɗa miki hutun kwana nawa zai samu. In kin ji kuka yana zuwa miki babu dalili, ki gaya wa ungozoma, ciwo ne mai magani. In ta ni ce, ki tafi da wuri ki saba da wurin kafin cikin ya yi nauyi. Allah ya raba lafiya.

Mai tambaya:
Amin Mama, na gode, Allah ya ƙara girma. Anti, to kuɗi fa? Haihuwa nawa ce? Kuma Turancina na makaranta ne, in suka yi sauri ba na kamawa. Ina son mace ta duba ni.

Anti, Malali:
Kuɗin tun wurin biza ake biyansa. Akwai harajin lafiya da ake haɗawa, tun Fabrairun 2024 fam 776 ne a shekara a kan kowane mutum ga ɗalibi da iyalinsa. Yana da ciwo, amma da shi awo da haihuwa da kwanciyar yaro duk sun shiga. Magani da likita ya rubuta babba yana biyan fam 9.90 kowanne, yaro ƙasa da shekara 16 ba ya biya, ke ma ungozoma za ta nema miki takardar yafewa har jariri ya shekara. Da takardar nan haƙori ma kyauta ne, sai dai samun likitan haƙori mai karɓar sababbi aiki ne.

Awo ba sai kin jira GP ba, kina iya cike fom da kanki a asibitin haihuwa. Su tun kafin sati 10 suke son a fara, don haka ki nuna musu cikin ya yi nisa, ki miƙa katin awonki da hotunan sikanin na nan. Ki gaya musu kuna da yaro SS, wato ku biyun kuna ɗauke da sikila a jininku. Jariri kuma ana ɗiban jini a dugadugansa a kwana na 5, sikila tana cikin abin da ake dubawa. Tafinta haƙƙinki ne, ba a biya, ki nema tun wurin karɓar lokaci. Mace ma ki nema, suna ƙoƙari, amma a gaggawa wanda ke bakin aiki shi za ki samu. Kamfanonin jirgi kuma sukan nemi takardar likita in ciki ya wuce sati 28, ki yi lissafi. Haihuwa a can ba ta mayar da jariri ɗan ƙasa, sai kun nema masa tasa bizar, kuma ku yi kafin ya cika wata uku saboda kuɗin asibiti.

Malama, Unguwar Dosa:
Kada ki bar katin rigakafinsa a gida. Za su duba su cike abin da ba a yi a nan, kuma mai sikila yana da ƙarin allurai. Rigakafin mura da ake fesa wa yara a hanci akwai sinadarin alade a ciki, kina iya cewa a yi masa na allura. Ki nemi bitamin D ke da yaron, rana ba ta isa, mu kuma ga baƙar fata ga hijabi. Kwalli kada ki sa wa jariri, wani akwai dalma a ciki. In namiji kika haifa, kaciya yawanci sai a asibitin kuɗi mai rajista, ta mata kuwa babban laifi ne a dokarsu. Ki riƙa zuwa masallaci a unguwarku, nan za ki haɗu da matan da za su zame miki dangi.

Nas, 'yar Barnawa:
Na koma na karanta tambayarki, na ga bizar ba ta fito ba tukun. Kun yi gwajin tarin fuka? Duk ɗan Najeriya da zai wuce wata shida a can sai da takardarsa, kuma a cibiyar da suka amince da ita kawai, akwai a Abuja da Legas. Mai ciki ana ba ta zaɓi: hoton ƙirji da kariya ta musamman a kan cikin, ko gwajin majina, ko ta jira sai ta haihu. Na majinar yakan kai sati 8 kafin sakamako ya fito, kin ga zai cinye wata biyun naki gaba ɗaya. Ki tattauna da likitan awonki a satin nan ki yanke wanda za ki yi, sai ku kama jirgin ƙasa daga Rigasa zuwa Abuja ke da yaron, don shi ma sai likitansu ya duba shi ko da ba za a ɗauke shi hoto ba.