Aikin asibiti ne ko in karɓi adaidaita? Ku ba ni shawara

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina aikin hidima a sashen maza na wani asibitin gwamnati, tura marasa lafiya zuwa hoto, canza zanin gado, kwashe fo, wani lokaci har rakiyar gawa mutuware. Kawuna ne ya samo min aikin bayan rasuwar mahaifinmu, lokacin ya bar mu da ƙanne biyar da bashin gona, kuma shi kawun ba mutumin da ake ce wa a'a ba ne, ko a kan auren ƙanwata sai da aka kai ruwa rana da shi. Har yau kashuwal nake, wato ma'aikacin wucin gadi, abin da nake karɓa bai kai rabin mafi ƙarancin albashi ba. Ga ciwon baya. Kwanan nan kuma allura ta soke ni ina kwashe shara a dutin dare. Yayan matata ya ce zai ba ni adaidaita ina kawo balas. In bari ko in daure?

Maman Biyu: Wa alaikumussalam. Allah Ya kawo mafita. Amma ku ma kuna da laifi. Lokacin da na yi jinyar surukata, sai mun ba da na goro kafin a kawo keken tura ta. Ni na riƙa wanke mata komai, su suna zaune suna danna waya.

Tsohon Nas: Ɗana, ajiye maganar adaidaita tukuna. Yaushe allurar ta soke ka? Maganin kariya daga HIV cikin awa 72 ake fara shi, a sha kwana 28. In lokacin ya wuce, ya wuce. Ka yi rigakafin ciwon hanta nau'in B? Allura uku ce: ta farko, bayan wata ɗaya, sai a wata na shida. Wannan ciwon ya fi HIV saurin kama mutum ta hanyar allura, nesa ba kusa ba. Ka gaya wa metiron, shugabar nas-nas, an rubuta?

Mai tambaya: Baba, ban gaya wa kowa ba. Na matse wurin, na zuba bilic. Kashuwal in ya cika ƙorafi sunansa ake fara gogewa.

Tsohon Nas: Matsewa da bilic duk kuskure ne, ruwa da sabulu ake sawa. Kuma wanda ya jefa allura a kwandon shara ya bar kwalinta, shi ne mai laifi. Gobe da sassafe ka je a gwada ka. Sannan kada ka bar aikin. Ka gyara sakamakonka na sakandare, kiredit biyar har da Turanci da lissafi, ka nemi makarantar kiwon lafiya, JCHEW, kwas ɗin ƙananan ma'aikatan lafiya na al'umma, shekara 2 ne. Na ga yara da yawa sun bi ta nan.

Ɗan Sahu: Baba da girmanka, da wane kuɗin zai yi karatun? Sai dai ni ma ba zan ce ka zo ba, malam. Tun da aka cire tallafin mai a 2023, in ka fitar da balas da kuɗin mai, ɗan abin cefane ne ke saura. Kuma kayan suruki? Ran da injin ya buga, a gaban matarka za a yi maka lissafi.

Hajiyar Gwammaja: Ni dai na ce ya bari. Lassa ta 2020 har likitoci ta kashe a Kano, balle wanda safar hannu ma sai ya roƙa.

Tsohon Nas: Hajiya, a titi ba a mutuwa? Dokar ƙwadago ta ce a ba ma'aikaci takardar sharuɗɗan aiki cikin wata 3. Ya je wurin 'yan ƙungiyar ma'aikatan lafiya ta MHWUN na asibitinsu. An sa hannu kan naira 70,000 a matsayin mafi ƙarancin albashi a 2024, shi yana nan yana jin kunyar kawu.

Mai tambaya: Ba kunya ba ce Baba, ba ku san kawuna ba ne. Ƙungiya kuma ta masu lambar albashi ce, mu ko taro ba a kiran mu. Maman Biyu, ni ban taɓa karɓar ko sisi ba, mutum ɗaya ne ke kula da gado talatin da dare. Gwajin kuma a asibitinmu kowa ya san kowa, kafin azahar labari ya zaga.

Tsohon Nas: To je wani asibitin mana. Har yanzu ba ka faɗi ranar da ta soke ka ba.

Ɗan Sahu: Nawa ya ce balas ɗin a rana?