Me ya sami jujin Gombe da ya daina zama taki?

Manomin Kwami:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina da gona a hanyar Kwami, kuma tun ina yaro nake ganin mahaifinmu yana sayen juji daga cikin gari idan rani ya yi. Da jakai ake kai masa a mangala, daga baya aka koma tifa. Toka ce a ciki, da kashin awaki, da ƙaiƙayi, da ɓawon gyaɗa, da sharar tsakar gida. Ruwan farko na sauka, duk sai ya narke ya bi ƙasa. Bana da aka juye mini tifa ɗaya sai da gabana ya faɗi: ledar fiya wata, baƙar leda, famfas ɗin yara, fasassun kwalabe, har da batura. Ni da yarana mun yi ta tsinta, amma duk inda garma ta shiga sai ta tono leda, kuma inda leda ta kwanta gero ba ya kafa saiwa. Ga takin zamani ya fi ƙarfinmu. Don Allah ta ina aka ɓata wannan abu, kuma akwai hanyar gyara?

Mahauci:
Wa alaikumus salam Baba. Abin da ka gani a gona mu a tumbi muke ganinsa. Akuyar da ke kiwo a bola za ka gan ta ciki ya kumbura, ƙashin baya a fili. In an yanka sai a ciro dunƙulen leda ya murɗe da igiya da tsumma, ya yi tauri. Kanwa da gishirin da suka maƙale a ledar take bi ta haɗiye. Mai ita kuwa yana ta sayen maganin tsutsa.

Maman Biyu, Bolari:
Baba, ni dai a yi mana adalci. Ina sayar da zoɓo da kunun aya. Mai kuɗi buhu yake saye ya ajiye a sito. Mu kuwa ƙulli-ƙulli muke saye: man gyaɗa a leda, sukari a leda, omo a leda, gishiri a leda, kullum ta Allah. Dole bolar unguwar talaka ta fi cika da leda, ba don mun fi kowa ƙazanta ba. Gorunan da nake zuba zoɓo ma a hannun yaran nan 'yan bola jari nake saya, in jiƙa in wanke da ruwan zafi. Su ake kora ana kiransu ɓarayi, alhali ƙarfe da dalma da robar da suke tsincewa sun rage juji ƙwarai. Leda ce suke tsallakewa, don ba ta da nauyi a sikeli.

Malamin Sakandare, Pantami:
Hajiya ta taɓo inda gizo ke saƙar. Duk abin da yake da mai saye ba ya kwana a bola. Da can juji yana da kasuwa, shi ya sa yake fita daga gari da kansa. Tun da Gombe ta zama babban birnin jiha a 1996 jama'a suka ninka, gidaje suka bi bakin kwari, ruwan leda ya maye gurbin randa. Garin kuma a gangare yake. Wanda ke sama ya jira hadari ya haɗu ya juye shararsa a lambatu, ta je ta toshe kwalbati a ƙofar wanda ke ƙasa. Wannan zalunci ne, ko ba a yi niyya ba. Ruwanda ta hana leda a 2008, Kenya a 2017, Legas ta hana farin mazubin abincin nan na kumfa a 2024. Amma ni ban goyi bayan hani kawai ba, muddin ba a sama wa irin su Hajiya abin ƙulla kaya ba. Baba, ka nemi gidajen da ke kiwo, ka ba su buhu su ware maka toka da kashin dabbobi, ka biya su kai tsaye.

Manomin Kwami:
Allah ya saka da alheri Malam. Hajiya, wallahi ban ga laifinku ba, ni ma da leda nake kai cefane gida. In a layinku akwai gidaje masu awaki da murhun itace, ki yi musu magana. Buhuna daga gare ni, kuma zan turo amalanke kafin damina ta faɗi.