Harsashin jan ƙarfe ya ƙi taruwa wuri ɗaya, ina neman shawara

Assalamu alaikum 'yan'uwa mafarauta. A Kalifoniya nake zaune, inda aka hana farauta da harsashin dalma tun Yulin 2019, shi ya sa na koma ɗura na jan ƙarfe da hannuna. Bindigata .308 ce (lambar girman harsashinta ke nan), nauyin kan harsashin giren 130 (giren ma'aunin nauyin harsashi ne), na zaɓi mara nauyi don ya yi gudun da zai buɗe a jikin aladen daji.

Matsalar ita ce a yadi 100 harbi biyar sai su warwatse kusan inci 3, alhali da dalma inci 1 nake samu. Na wanke bututun tas, ban wuce ma'aunin albarushin da littafin ɗura harsashi ya bayar ba. Shin zurfin zaman kan harsashin a cikin kwansonsa zan fara gyarawa, ko albarushin zan canza? Ba na son raunata dabba ta tsere.