Musayar waƙa: talaka ya zaɓi biloniya, wa aka cuta?

Ɗan Tsako:
Salamu alaikum ma'abota alƙalami. Tun da Trump ya ci zaɓen Amurka na 2024 abin nan ke ci min tuwo a ƙwarya, mutumin da sunansa ke manne jikin dogayen benaye wai shi ne gwanin leburori, ƙuri'un wakilan zaɓe 312 ya samu, Kamala Harris 226 fa, kuma jihohi bakwai ɗin nan da ake ta kai ruwa rana a kansu duk ya kwashe. Na buɗe fili, amsa-amo "ri".

Ina tambaya ya ku masana,
Talaka ya zaɓi attajiri.
Kura aka bai wa ajiyar nama,
Akuya na ta yi mata kirari.
Haraji ya rage wa kamfanoni,
Mai shara bai ga ɗigon alheri.
In wannan shi ake kira wayo,
Ni dai na ce a kai shi asibiti da sauri.

Ragin harajin na 2017 nake nufi, daga kashi 35 zuwa 21, kar wani ya ce ƙage na yi.

Gwaggon Baiti:
Ɗan Tsako jiya ka fasa ƙwai,
Yau har kana wa zakara kurari.
Wanda haya ta shaƙe wa wuya,
Ba ya jin huɗubar masu tsari.
Cefane ya tashi albashi na kwance,
Ka ce ya yi murmushi ya ƙara haƙuri?
Ba son attajiri ya kai shi ba,
Haushin mai mulki ya sa shi bori.

Ɗana, a watan Yunin 2022 hauhawar farashi ta kai kashi 9.1 a can, rabon su da ganin irin haka shekara arba'in, ita kuma Harris mataimakiyar Biden ce, to a kan wa kake so su huce?

Sarkin Tafi:
Allah ja zamanin Gwaggo! Wlh an kwantar da yaro, a yayyafa masa ruwa ya farfaɗo hhh

Ɗan Tsako:
Sarkin Tafi kai ko atishawa Gwaggo ta yi baiti za ka kira shi, ka rubuta ɗango ɗaya mu gani mana.

Gwaggo ina gaisuwa da ladabi,
Amma zancenki ba shi da nazari.
Wanda kunama ta harba da dare,
Sai ya ruga gun maciji neman tsari?
Musk ya zuba miliyan ɗari biyu da hamsin,
Kina zaton sadaka ya yi don alheri?

Elon Musk nake nufi, biloniyan da ya zuba dalolin nan don Trump ya ci.

Malam Aruli:
Subhanallahi. Ɗan Tsako ka ji tsoron Allah, ɗangonka na farko gaɓa 10 ne, na Musk ɗin nan gaɓa 14, haka ma na asibiti, tirela ce ko waƙa? Sannan ka rufe da "alheri" har sau biyu kamar kalmomi sun ƙare a duniya. Gwaggo ke ma ɗangon haƙuri ɗin nan yana ɗingishi, girma ne ya sa ban faɗa da ƙarfi ba. Ga yadda ake yi, a karin Mutaƙarab:

Idan za ka waƙa ka auna ƙafa,
Ka san inda za ka tsaya da wuri.
Siyasa daban ce aruli daban,
Gwanin nan da can ba yawa a gari.

Gwaggon Baiti:
Malam baitinka ya miƙe sambal,
Kamar sandar makaho cikin sarari.
Sai dai na leƙa cikin buhunsa,
Ba kaya, iska ce ta yi shiri.
Nawa gurgu ne amma da kaya ya iso,
Naka ingarma ne ba mahayi ba jari.

Sarkin Tafi:
Wayyo Allah cikina. Malam a haƙura a koma makaranta

Akawun Waƙa:
Ku tsaya, ni lissafi na sani ba kari ba, kuma zan canza amsa-amo don "ri" ya ƙare min, Malam ka yafe.

Ɗan Tsako ka ga Musk shi kaɗai,
Ɗayan ɓangaren ka kau da idanu.
Harris ta tara sama da biliyan,
Kana zaton daga mabarata ta samu?
Jaki da giwa turke ɗaya suke ci,
Talaka ne ke wanke musu kwanu.

Jaki alamar jam'iyyar Democrat ce ta su Harris, giwa kuma ta Republican ta su Trump. Abin da ya fi ɗaure min kai shi ne mafi ƙarancin albashi na tarayya, dala 7.25 a awa, tun 2009 bai motsa ba, Obama ya gama ya tafi, Trump ya zo, Biden ya zo, yana nan inda yake, sai dai jihohi da yawa sun ƙara nasu da kansu. To ku dubi Missouri, rana ɗaya takarda ɗaya mutum ya dangwala wa Trump sannan ya gangara ƙasa ya amince a kai albashin dala 15, kuma duka biyun suka ci. Florida ma haka ta yi a 2020. Wannan mutumin ya san aljihunsa sarai, jam'iyyar Democrat da ke cewa tasa ce kawai ya daina yarda da ita, Sanata Bernie Sanders ma da bakinsa bayan zaɓen ya ce jam'iyyar ce ta fara watsar da ma'aikata kafin su watsar da ita.

Malam Aruli:
"Idanu", "samu", "kwanu". Nu, mu, nu. Akawu wannan ba amsa-amo ba ne, maƙwabtaka ce.

Akawun Waƙa:
Malam na kawo hujja har ta jihohi biyu, abin da ka gani shi ne harafi ɗaya?

Malam Aruli:
Filin waƙa muke ba majalisa ba. Harafi ɗayan nan shi ne bambancin mawaƙi da mai karanta labarai.

Ɗan Tsako:
Yau dai ni da Malam mun haɗu a layi ɗaya, Akawu sai haƙuri

Malam Aruli:
Ba mu haɗu ba, tirelarka na nan a kan hanya ba ka janye ba.

Yar Auta:
Afuwan yayyena sai yau na samu data, kwana uku ina bin ku a baya. Gwaggo ke nake ba amsa, kin ce duk cefane ne, ni ban yarda ba.

Gwaggo ba kowa ciki ya kai rumfa ba,
Wani zuciya ce ta ja shi da zafi.
Larabawan Dearborn Gaza suka duba,
Suka juya wa Harris baya ba tafi.
Wani iyaka ce ke hana shi barci,
Wani coci ya bi, wani kuwa ƙarfi.

Dearborn gari ne a jihar Michigan mai Larabawa da yawa. Na san ɗangon ƙarshe ya ɗan zame Malam, kar ka ce komai don Allah.

Gwaggon Baiti:
Auta kin yi magana, na karɓi rabi. Amma je ki Barazil ki gani, a 2022 Lula da kashi 50.9 ya tsallake da ƙyar, kuma talakawan arewa maso gabas ne suka ɗauke shi a kafaɗa, mutanen da ba su manta da tallafin Bolsa Família da ya fara a 2003 ba. Wanda ya taɓa sa maka abu a hannu ba ka mantawa.

Auta kin girma kin iya ja da ni,
Gobe sai ki karɓe min kujera.
Zuciya na zaɓe ban musa ba,
Amma in ciki ya yi kuka ita ke saurara.

Sarkin Tafi:
Shi ke nan an rufe fili, Gwaggo ta ci zaɓe ba sai an je zagaye na biyu ba!

Yar Auta:
Wa ya naɗa ka hukumar zaɓe Sarkin Tafi, kusan rabin masu zaɓen Barazil fa Bolsonaro abokin hamayyar Lula suka yi, su duk attajirai ne?

Ɗan Tsako:
Sarkin Tafi ɗan kanzagi,
Ba baiti ba ɗango sai ihu.
Kai ne irin mai zaɓen da nake faɗa,
A ba ka hula ka sayar da ruhu.

Sarkin Tafi:
To ga nawa tunda kun matsa.

Ɗan Tsako ɗan tsako ne,
Gwaggo Gwaggo ce.

Malam Aruli:
Inna lillahi. Wannan ko baharin maliya ba zai karɓe shi ba. Auta "zafi", "tafi", "ƙarfi" sun zauna daidai, ba abin da ya zame a amsa-amonki, karin ne ya gudu tun ɗangon farko. Akawu har yanzu ina jiran gyaran "samu".

Akawun Waƙa:
Ba zan gyara ba Malam, sai ranar da aka ƙara dala 7.25 ɗin nan