Katin bashi mai tsadar kuɗin shekara a Amurka: a riƙe, a sauke ko a rufe?

Baban Khadija, Bronx

Assalamu alaikum jama'a. Kuɗin shekara na manyan katunan bashi ya yi tashin gwauron zabo. Katin Platinum na American Express (Amex) da ke dala 550 ya koma 695 a 2021, a 2025 kuma ya kai 895. Chase Sapphire Reserve da ya fito a 2016 kan dala 450 yanzu yana 795. Mutanenmu da yawa sun karɓi katunan nan ne don tara makin da banki ke bayarwa kan sayayya, su yanki tikitin zuwa gida ko na Umara da shi. Waɗanda suka san harkar su taimaka da abin da suka gani a aikace: yaushe ake riƙewa, yaushe ake saukewa zuwa ƙaramin kati mai arha, ina kuma ake tafka asara?

Maman Iman, Houston

Wa alaikumus salam, Malam. A fara da takarda da biro. Banki zai jero rangwamen da ya ce ya haura dala dubu, amma abin da za a ƙirga shi ne wanda da ma can za a kashe ko babu katin. A Platinum, kuɗin Uber dala 200 ne a shekara, sai dai a gutsure yake zuwa: dala 15 kowane wata, 35 a Disamba, wanda ba a taɓa ba kuma yana ƙonewa a ƙarshen wata. A cikin Amurka kaɗai yake aiki, don haka mai zuwa gida ya yi wata uku ya yi bankwana da na watannin nan. Dala 200 ta jirgi kuwa ba ta sayen tikiti ba ce, ta kuɗin kaya ce da makamantansa, a kamfani guda da mutum ya zaɓa cikin na Amurka. Mai hawa Ethiopian ko EgyptAir bai ci moriyarta ba.

Dala 300 ta tafiya da ke Sapphire Reserve ta fi sauƙin ci, domin da kanta take sauka a kan tikiti ko otal. Capital One Venture X na dala 395 shi ma yana ba da 300 idan an sayi tafiyar ta shafinsu, da maki 10,000 duk zagayowar shekara. A cire abin da aka tabbatar za a ci daga kuɗin shekara. Ragowar shi ne ainihin farashin katin, shi za a auna da falon filin jirgi da makin da ake samu.

Ɗan Damagaram, Greensboro

Gaskiya ne, Hajiya. Ni kan lokaci zan tsaya, don a nan aka fi faɗuwa. Kada a rufe ko a sauke kati kafin ya cika wata 12. Sharuɗɗan Amex sun ba su damar janye tukuicin maraba, wato makin da ake ba sabon mai kati, idan aka yi haka. A jira kuɗin shekara ta biyu ya bayyana a takardar wata. Daga ranar da aka rufe wannan takardar akwai kwana 30 da Amex ke mayar da kuɗin gaba ɗaya idan an rufe katin.

Cikin kwanakin nan ake kiran lambar da ke bayan kati, a ce ana tunanin rufewa saboda tsada, ko akwai wani tayi na riƙewa. Wani lokaci a ba da maki bisa sharaɗin kashe wani adadi cikin wata uku, wani lokaci a ce babu. Wanda ya karɓa ya ɗaure kansa da wata shekarar, in ya rufe da wuri a ƙwace.

Saukewa ya fi rufewa a mafi yawan lokuta. Sapphire yana komawa Freedom Unlimited marar kuɗin shekara, tarihin asusun yana nan, makin ma yana nan. Illar ita ce ba za a iya tura makin zuwa kamfanin jirgi ba sai an sake mallakar Sapphire, ko da Sapphire Preferred na dala 95 ne. A Amex kuwa, wanda ya rufe katinsa na ƙarshe mai tara Membership Rewards, wato makin Amex, zai iya rasa makin duka. Sai a tura su tukuna, ko a ajiye Blue Business Plus wanda ba shi da kuɗin shekara.

Yaya Babba, Columbus

Batun tukuicin gayyata, wato makin da banki ke ba wanda ya jawo wani ya karɓi kati. Dole wanda aka gayyata ya cika fom ta mahaɗin da aka tura masa, a zama ɗaya. In ya buɗe ya rufe, gobe ya shiga shafin banki kai tsaye, gayyatar ta ɓace. Kafin a tura wa ɗan'uwa, a kwatanta tayin da ke mahaɗin da wanda ke fili, don wani lokaci na filin ya fi yawa. Bai kamata ka samu maki 15,000 shi ya rasa 30,000 ba, amana ce. Akwai kuma iyakar abin da ake samu a shekara, tana rubuce a shafin gayyatar.

Makin da aka samu ta sayayya rangwame ne a idon IRS, hukumar harajin Amurka, ba a biyan haraji a kansa. Na gayyata kuwa samu ne, tunda ba a kashe komai ba. Bankuna kan ƙiyasta maki ɗaya a kan santi ɗaya su aiko da fom 1099-MISC. Mafi ƙarancin samun da ake aiko da fom a kansa dala 600 ne har ƙarshen 2025, daga 2026 ya koma 2,000, amma ko fom bai zo ba kuɗin na cikin abin da ake bayyanawa.

Miji da mata su riƙa gayyatar juna maimakon ƙara suna a kati ɗaya. Chase ba ya ba da kati ga wanda ya buɗe biyar cikin wata 24 daga kowane banki, kuma katin da aka ƙara sunanka a kai yakan shiga ƙirgen. Amex kuma sau ɗaya yake ba da tukuicin maraba a kowane irin kati, don haka kada a karɓa lokacin da tayin yake ƙasa.

Maman Iman, Houston

Yaya, a ƙara da wannan: wa'adin kashe kuɗin tukuicin maraba yana farawa ne ranar amincewa, ba ranar da kati ya iso ba. Kuɗin shekara ba ya cikin ƙirge, kayan da aka mayar kuma ana cire su. A haura adadin da kamar dala ɗari biyu.

Malamin Lissafi, Minneapolis

Duk abin da aka faɗa ya rushe idan ana barin bashi ya kwana. Ruwan katunan nan ya haura kashi 20 cikin ɗari. Bashin dala 3,000 a kan kashi 22 yana haifar da kusan dala 55 a wata, alhali makin da aka samu a sayayyar, ɗaya kan kowace dala, bai wuce dala 30 ba in an karɓe shi a kuɗi. Daga ranar da aka bar saura kuma, sabuwar sayayya ma tana fara ɗaukar ruwa nan take. A saita biya na kai tsaye a kan cikakken kuɗin takardar wata, ba mafi ƙarancin biya ba. Malamai sun saɓa a kan sa hannu a yarjejeniyar da ke ɗauke da sharaɗin ruwa, kowa ya tambayi malaminsa, amma waɗanda suka yi sassauci ma sun ɗora shi ne a kan biya cikin lokaci.

Ramin da ya fi cin mutanenmu shi ne tura kuɗi gida da katin bashi. Sau da yawa ana lissafa shi a matsayin cirar tsabar kuɗi: caji na kashi 5, ruwa daga ranar, babu maki, ba ya shiga ƙirgen tukuici. A tura da katin asusun banki.

Ɗan Damagaram, Greensboro

Sai kashe makin. Amex yana ba da santi 0.6 ne kan kowane maki in an biya bashi da shi, Chase santi ɗaya, tura shi zuwa kamfanin jirgi a yanki tikiti yakan fi duka biyun. Mai zuwa Kano ya duba Aeroplan, shirin makin Air Canada, ko na United, don suna buɗe kujerun Ethiopian ta Addis Ababa da EgyptAir ta Alƙahira, kuma ba sa ɗora ƙarin cajin man jirgi a kan tikitin maki. Mai zuwa Abuja, Legas ko Accra ya duba Flying Blue na Air France da KLM, wanda kuma yake yankar tikitin jirgin Saudia zuwa Jidda. Makin da aka tura ba ya dawowa. A fara ganin kujerar a ranar da ake so, da adadin mutanen da za su tafi, a tabbatar sunan da ke asusun jirgi daidai yake da na banki harafi da harafi, sannan a tura. Kujerun Disamba da na goman ƙarshe na azumi suna ƙarewa da wuri, ana fara neman su ne tun kusan wata goma sha ɗaya kafin tafiya.

Baban Khadija, Bronx

Allah ya saka da alheri. Ƙari ɗaya ga masu sauka gida: Visa da Mastercard sun fi Amex karɓuwa a Najeriya nesa ba kusa ba. In na'urar otal ta tambaya dala ko naira, a zaɓi naira, don canjin da na'urar ke yi da kanta ya fi na banki tsada.